Takalman Baba a Ƙofar Gidan Dastidar

Litinin, 21 ga Yuli, da almuru

Ban rufe gidan ba. Ina zaune a bencin ƙofa, makullai a cinyata, takalman Baba suna kan kanta.

Bari in rubuta shi a jere. Da safe muka fito tare kamar kullum. Tun bara da ya fara mance hanyar gida ba na barinsa shi kaɗai, shi ya sa Manaja Bhaduri ya yarda ya riƙa zama a ƙofa yana jera takalman baƙi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zagayawa da mutane cikin gidan nan kafin ya miƙa mini aikin. Mun makara, don masu ɗaukar ruwan kogi zuwa haikalin abin bautarmu Shiba da ke Tarakeswar sun cika titi, tuluna a kan gora, ga ƙararrawa, ga ihu. Kowace Litinin ta wannan wata haka suke hana mutum wucewa. Baba ya tsaya yana kallonsu, sai da na fizgo hannunsa.

Rukunin ƙarshe ɗalibai ne daga Kolkata, masu surutun tsiya. Na fito da su, kowa ya ɗauki takalminsa ya tafi. Aka bar guda: silifa ruwan ƙasa, an ɗaure igiyar ɗaya da waya, an jera su tsaf suna fuskantar bango. Kujerar Baba ba kowa.

Na kira mai gadi. "Haru-da, ina Baba?"

"Yo ba ga shi nan ba?" Ya waiga ya ga kujerar. "Tapu, yanzun nan fa na bar shi. Ruwa kawai na je na miƙa wa mutanen titi."

A nan ba ma ƙirga kawuna. Kowa sai ya tuɓe takalmi kafin ya taka daɓen farin dutsen, don akwai ɗakin bauta a ciki. Abin da Baba ya fara koya mini ke nan: muddin akwai takalmi a kanta, akwai mutum a ciki, ba a rufe ƙofa. Shi kuwa bai taɓa cire nasa ba sai zai shiga.

Mun zaga sau biyu ni da Haru-da. Na kira har muryata ta dishe.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

'Yan sanda sun zo, mutum uku da kare. Babbansu ya ce in ba shi taswirar gidan. Dariya ta kusa kuɓuce mini, ni da ke neman kuka. Wace taswira? Kalikinkar Dastidar ya tara dukiya da fataucin rama zamanin Sarauniya Biktoriya, wani mai duba ya ce masa mutuwa za ta shigo masa ta ƙofar ɗakin kwanansa. Sai ya yi ta ƙara ƙofofi don ta ruɗe. Wata ka buɗe ka ga bango. Wata a bene ka buɗe ka ga iska, tafki a ƙasa. Matakala ta hau da kai ta ƙare a rufi. Magina yana canza su duk damina don kada wani ya san gidan gaba ɗaya.

Na gaya wa ɗan sandan haka. Ban ƙarasa masa da yadda nake ƙarasa wa baƙi ba, cewa a tsakar gida Dastidar ya mutu, ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya. Nan ne kowa ke dariya.

Karen ya shinshina takalman, ya shiga, ya yi ta zagaye a ɗakin madubai yana haushin kansa. Mai riƙe da shi ya ce ƙanshin Baba yana ko'ina. To da ina zai kasance?

Laraba, 23 ga Yuli, da yamma

Sun sa masunta sun ja koma a tafkin da ke ƙarƙashin ƙofar iska. Ban tsaya ba. Haru-da ya zo ya ce kifi ne kawai da wata tsohuwar kujera.

Na sha shayi. Ya zauna a cikina.

Juma'a, 25 ga Yuli, da sassafe

Subol ya kira daga Bangalor. Ƙanena ne, amma tunda ya fara aikin banki yake yi mini magana kamar shi ya goya ni, ko da yake har yanzu Didi yake kirana, wato Yaya.

"Didi, ta yaya babban mutum zai ɓace a cikin gida?"

"Ka zo ka ga gidan."

"Na san gidan. Ai na ce miki a samo masa mai kula da shi."

"Ka ce. Faɗa kam ka iya ta."

Ina jin fankar ofishinsa. Ya ce zai zo idan an samu wani labari. Wani labari. Bai faɗi irinsa ba, ni ma ban tambaya ba.

Tun ranar nan ban koma gida na kwana ba. Matar Haru-da tana aiko mini shinkafa da wake, ina shimfiɗa tabarma a ɗakin gadi, ƙofar gidan a buɗe.

Asabar, 26 ga Yuli, da tsakar rana

Akwai bututun magana guda huɗu a bangon ɗakin karatu, na tagulla, da murfi kamar na buta. Dastidar ya sa su don ya riƙa kiran barori ba tare da sun san ɗakin da yake ba. Uku mun san inda suke fita. Na huɗun Baba da kansa ya ce bai taɓa gano ƙarshensa ba.

Na buɗe shi na ce, "Baba." Na kara kunnena.

Wani abu ya huro mini. Ɗumi gare shi.

Tsigar jikina ta tashi har tsakiyar kai. Na ce, "Baba, ni ce, Tapu. Ka buga bango in kana jina." Na jira. Ruwan sama kawai nake ji a kan rufi.

Haru-da ya ce iska ce, damina takan shiga bututun. Na ce iska tana da ɗumi? Ya ce in zo in ci abinci.

Lahadi, 27 ga Yuli, da yamma

Na koma wurin bututun. Na koma kuma.

Talata, 29 ga Yuli, da hantsi

Mutum zai iya kwana nawa ba ruwa? Ban tambayi kowa ba. Amma rufin gidan nan yana yoyo ta ko'ina, ban taɓa gode wa yoyo ba sai bana. Jiya na hana Haru-da ɗauke bokitan, na ƙara ajiye kofuna a lunguna, da ayaba, da gyaɗa. Da safe ayabar lungun nan mai tsukewa ta ɓace. Na yi ihu. Haru-da ya nuna mini kashin ɓera.

Abin da yake dawo mini shi ne safiyar ranar. Ina zuba masa shayi ya ɗago ya dube ni, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Shefali, kin tashi? Ashe jikin ya yi sauƙi." Sunan Ma ke nan, mahaifiyata, wadda ta rasu ina 'yar makaranta. Ya saba kirana da shi, amma ranar har hannuna ya kama. Na ce, "Sha shayinka, mun makara." Ba wani abu ba ne. Haka kawai yake dawowa.

Alhamis, 31 ga Yuli, da yamma

Akwai wari a bayan murhun jin ɗumi na bene.

Murhun jin ɗumi a ƙasar da gumi ke kashe mutane, nan ma baƙi suna dariya. Akwai ɗaki a bayansa wanda ba shi da ƙofa, ta tagar rufi kawai ake hango duhunsa. Baba yakan ce da akwai hanya, shi ne bai same ta ba tukuna.

Na je wurin Manaja Bhaduri. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kira ni da cikakken sunana.

"Tapoti, bangon nan ya girmi kakanki. Masu gidan ba za su..."

"Manaja, ka zo ka shaƙa."

"Na ji, na ji. Amma sai an rubuta musu."

"Ka rubuta. Ni zan ɗauko guduma."

Bai rubuta ba. Ya kira magina, ya ce gobe. Da zan fita ya ce, "Mahaifinki ne ya fara nuna mini gidan nan, kin sani." Na fita.

Juma'a, 1 ga Agusta, da la'asar

Sun fasa. Ni ina tsaye a bakin matakala na riƙe ƙarfe, na toshe hancina da gefen zanena. Kowace guduma a ƙirjina take sauka. Da ramin ya isa, babban magini ya zura tocila, ya zura kansa, ya daɗe. Ya daɗe sosai.

Mushen muzuru ne. Ya faɗo ta tagar rufi.

Na zauna a ƙasa ina dariya, dariyar ta ƙi tsayawa, har Haru-da ya kama kafaɗuna yana cewa, "Tapu, Tapu, ya isa." Magina suka juya baya.

A ɗakin akwai kujera ɗaya tana fuskantar bango, da agogo mara hannu. Ba sawun kowa a ƙurar.

Asabar, 2 ga Agusta, da safe

Subol ya ce ya yi magana da purohit, mai yi mana addu'o'in gida, a kan abin da ake yi idan ba a samu... Na kashe wayar.

Lahadi, 3 ga Agusta, da yamma

Manaja ya ce gobe za a buɗe wa baƙi. Ya ce masu gidan sun matsa, 'yan sanda kuma sun gama nasu. Ya ce in ba zan iya ba a nemo wani na ɗan lokaci. Wani? Ya shiga da mutane yana ihu, ya rufe ƙofofin da na bari a buɗe, ya zubar da kofunana? Na ce zan yi.

Ya dubi kanta ya ce ko za a ɗauke takalman, don baƙi. Na dube shi. Ya ce a bar su.

Tsoro nake ji. Ba na gidan ba, a gidan nan na yi rarrafe. Tsoron in buɗe wata ƙofa da mutum ashirin a bayana nake ji.

Litinin, 4 ga Agusta, da tsakar rana

Na yi zagaye biyu. Labari ya bazu, mutane sun fi na kullum. Wani mai tumbi da kyamara ya ce, "Didi, nan ne tsohon ya ɓace? A wane ɗaki?" Matarsa ta zungure shi. Na ce, "A kula da kai, ƙofar nan gajera ce," kuma ban gaya masa da wuri ba. Ya gwaru. Ban ji komai ba.

Bakina yana faɗin maganar da ya saba, kunnena yana bango. A lungu mai tsukewa, inda sai an bi a karkace, na tsaya na ce kowa ya yi shiru. Suka ɗauka cikin wasan ne. Suka yi tsit suna murmushi, ni kuwa ina sauraro da dukan jikina. A wajen gida masu ɗaukar ruwa suna wucewa da ƙararrawarsu, na ji kamar in fita in ce su rufe mana baki.

Na faɗi labarin ƙayar kifin. An yi dariya.

Talata, 5 ga Agusta, da almuru



Rukunin yamma iyali ne daga wani ƙauye, sun biyo ta nan a hanyarsu ta komawa gida. Da muka fito kowa ya ɗauki nasa, kanta ta koma ba komai sai na Baba. Na ɗauko makullin ƙofar ciki don sabo, ba don in rufe ba. Sai na ji tari a bayana.

Na kusa sakin fitsari. Wata tsohuwa ce 'yar firit, farin zane, tana fitowa daga duhu tana dafa bango.

"Inna! Kina ciki? Ina takalmanki?"

"Wane takalmi, 'yar nan? Tsayawa na yi in huta a wannan matakalar taku ta mahaukata." Ta ɗago ƙafa ta nuna mini, tafin duk ya tsage, an shafa masa kurkum. "Nawa suna can gidan ƙanwata tun shekaranjiya. Ruwa na kai Tarakeswar. Ke 'yar ina ce da ba ki san ba a ɗaukar ruwan Shiba da takalmi ba?"

Na sani. Kowa ya sani. Tun ina goye nake ganinsu.

Ta ci gaba da surutu, wai bakance ta yi saboda jikanta da ya yi ciwo, ya warke, dole ta biya ko da rarrafe ne. Ni ban ƙara jin ta ba. Ina kallon silifa biyu ruwan ƙasa, an jera su tsaf.

Lokacin da Ma take kwance, Baba ya yi bakance a gabana, a bakin gadon asibiti, cewa ranar da ta tashi zai ɗauki ruwa da ƙafarsa har Tarakeswar. Ba ta tashi ba, bai je ba, ba mu sake maganar ba.

Shefali, kin tashi? Ashe jikin ya yi sauƙi.

Na ce, "Haru-da, ranar nan da ka je miƙa ruwa, ka dubi waɗanda ke wucewa?"

"Wa zai duba su, Tapu? Dubbai ne fa, duk ƙafa ba..." Ya tsaya. Ya dafe kansa da hannu biyu ya zauna a kan kujerar Baba. "Wayyo ni. Muna ta fasa bango."

Mun ga takalmi a ƙofa, mu duka, har da 'yan sanda, ba wanda ya juya ya dubi titi.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi, a bakin hanya

Na fito da asuba, takalman suna jakata. Na bar wa Haru-da makullai.

Ina bin rumfunan da 'yan kasuwa ke kafa wa masu ɗaukar ruwa su huta, ina nuna hoto a waya. Kowa sai ya ce tsofaffi da yawa suke, Didi. Hanyar nan doguwa ce, ga motoci, ga ramuka cike da ruwa a gefe. Ina duba ramukan. Ba na so, amma ina dubawa.

Da a cikin gida yake, na san iyakarsa bango.

Laraba, da yamma

Wani mai shayi ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. "Wannan ba shi ne mai cewa a kula da kai ba? Ya tsaya a bakin rumfar nan tawa, duk wanda zai shiga sai ya ce masa a kula da kai, ƙofar gajera ce. Mun sha dariya. Ai ya daɗe da wucewa."

Na ce yana lafiya? Ya ce yana ɗingishi, amma ya ci biskit biyu.

Na sayi shayi na kasa sha.

Alhamis, 7 ga Agusta, da tsakar rana, Tarakeswar

Asibiti: babu. Ofishin 'yan sanda: babu. Sun ce akwai wani wuri kuma da ake ajiye waɗanda ba a san su ba, in je in duba. Na ce sai gobe.

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Ban je wurin nan ba. Da safe ina tsaye a layin masu sayar da furanni, na ga mutanen da suka zo a mota suna tuɓe takalma suna miƙa wa masu rumfuna su ajiye musu. Yawancin rumfunan a jibge suke kamar kayan gwanjo. Guda ɗaya ce, can ƙarshen layi, aka jera su tsaf, biyu-biyu, duk suna fuskantar bango.

Ban san lokacin da na fara gudu ba.

Yana zaune a kan akwatin katako. Ya rame, gemu ya fito masa fari, ƙafafunsa a naɗe da tsumma. Mai rumfar, wata mata mai faɗi da jan baki, ta tare ni.

"Ke lafiya? Za ki ture mini fure."

"Mahaifina ne."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Sai yau? Ina kuke tun tuni?"  Ta sassauta. Ta ce ya iso da ɗan tulun roba da wani ya ba shi, ruwan bai fi kurɓi biyu ba, ya bi layi ya zuba. Da ya fito ya ga takalmanta a hargitse sai ya yi mata faɗa ya hau jerawa. Ta tambaye shi gida, ya ce ba a rufe ba tukuna. "Na ce to zauna, Kaka. Ko loma biyu ba ya ci, ga tsabta. Ni dai tun zuwansa ba a ɓatar mini da takalmi ba."

Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba."

Ya dube ni da fara'ar nan da yake yi wa baƙi. "Sannu da zuwa, Madam. A tuɓe takalmi a nan."

Na tuɓe. Ya karɓa ya jera. Na ce, "Baba, ni ce Tapu." Ya gyaɗa kai cikin ladabi. Na ce, "Shefali ce." Ban san me ya sa na faɗa ba. Ya ce, "Ta warke ai. Na biya."

Na buɗe jaka na fito da nasa, na kama ƙafarsa zan sa masa. Ya janye ta da sauri. Ya karɓi silifan ya juya su, ya shafa wayar da shi da kansa ya ɗaure, ya daɗe yana kallo.  Sai ya miƙa hannu ya ajiye su a kan kanta kusa da nawa, ya daidaita su da yatsa.

"Waɗannan na san su," ya ce. "Mai su bai fito ba, yana ciki har yanzu. Madam, ki gaya musu kada a rufe."

Na ce ba za a rufe ba, Baba.

Mai furen ta ba ni akwati na zauna kusa da shi. Motar gida sai da safe. Subol yana ta kira, zan ɗauka an jima.